Akushin da Bai Ƙarasa Ba

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan da sauƙi.

Kin tambayi abin da nake yi da kaina tun rasuwar Baban yara. To ki gyara zama: ƙanwarki da ko fensir ba ta iya feƙewa ba ta shiga koyon sassaƙa akushi a kan inji. Wansa ne ya jawo. Ya leƙa ɗakin aikin marigayi, ya ce injin tsatsa zai yi, gara a sayar a ba da hayar ɗakin. Na ce zan riƙe sana'ar. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce in na fitar da akushi guda mai kyau da hannuna, inji ya zauna.

Mai Tabarau, tsohon abokin aikin marigayi, shi ke koya mini. A bayan ƙofa muka sami buhu cike da akusa masu kauri, duk a karkace, binne cikin ɓarɓashin itace. Na ɗauka ɓatattu ne. Ashe haka ake yi: a fafe itace tun yana ɗanye, a bar shi da kauri, a ajiye wata da watanni ya bushe ya gama karkacewarsa, sannan a mayar kan inji a ƙarasa. Aikin da marigayi ya ajiye wa bana ke nan. A jikin kowanne ga sawun ƙarfensa nan layi-layi, har ina gane inda yakan danna da yawa.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan yara sun warke daga murar. Na ga man shafawar da kika aiko, na gode, hannuwan nawa kuwa sun zama abin tausayi.

Aikin nan ya raina ni. Akushin farko ban ɗaure shi da kyau ba, inji na tashi ya yi tsalle ya daki bango ya rabe biyu. Na biyu na yi ta fafewa ina jin daɗi, sai ga haske ta gindinsa. Mai Tabarau ya ce na yi wa gidan mazurari. Ya ce ina riƙe ƙarfe kamar zan yi daka, alhali jingina shi ake yi a bar itace ya kawo kansa. Buhu dai sai ramewa yake, kuma duk wanda na ɓata, aikin Baban yara na ɓata.

Jiya dai ɗaya ya fito. Bakinsa daidai, jikinsa sumul, na goge shi na shafa mai. Mai Tabarau ya juya shi ya juya, bai ga aibi ba. Ni kuwa da na shafa shi sai gabana ya faɗi. Na nemi layukan nan ban samu ba. Duk inda hannun marigayi ya taɓa na aske, yana nan a ƙasa cikin shara. Ba wanda ya gaya mini ƙarasawa ke nan. Saura guda a buhu.

Ki sa ni a addu'a, wansa zai zo ƙarshen mako.

Taki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ban so in rubuto miki cikin fushi ba, sai na ga fushin ba shi da ranar tafiya.

Ya zo. Na miƙa masa akushin, ya riƙe shi da hannu biyu, sai hawaye. Ya ce, “Wannan hannun ƙanena ne, ko cikin dubu zan gane shi.” Mai Tabarau ya rantse aikina ne, wan ya ce masa Allah ya ba shi ladan rufa mini asiri. Sannan ya zaro na ƙarshen daga buhu, ya ce in har ni ce, in ɗora shi a inji a gabansa. Babu wani busasshen itace a ɗakin, sai shi.

Yaya, wallahi zan iya. Na karɓa, na kai shi har bakin inji, yatsana ya faɗa cikin sawun nan inda yakan danna. Sai na rungume abina na ce a'a. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya kama maƙaryaci amma ya yafe.

An kwashe injin shekaranjiya, sai ramukan ƙusoshi a daɓe. Akushina yana falon wansa, yana nuna wa baƙi aikin marigayi na ƙarshe, alhali ko ƙwarzane ɗaya nasa babu a jiki. Nasa na gaskiya yana wurina, mai kauri, a karkace, ko zama daidai ba ya yi a kan tebur. Matar wan ta gan shi ta tambaya ko itacen wuta ne.

Kada ki aiko da wani man, hannuwan sun fara laushi.

Ƙanwarki,
Auta