Jan Mai Ranar Juma'a

Sa'alaba, Jidda
Farkon Rajab

Zuwa ga Abbana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen Ringim duka. Yaya ciwon ƙafar? Mu ma muna nan lafiya, alhamdu lillahi.

Abba, ka yi haƙuri da shirun da nake yi idan Inno ta miƙo min waya. Da na ji muryarka sai in rasa ta inda zan fara. Shi ya sa na yago takarda na rubuta, Inno za ta ɗauki hotonta ta tura maka. Ita ba ta karanta boko, don haka zan faɗi komai.

Tun da 'yan sanda suka tare ka a hanya aka mayar da kai gida Ringim, ɗakin nan ya yi min girma. Inno tana kwana a gidan aikinta a Ruwais, sai Juma'a take zuwa. Yaya Zaharadden yana fita da mota. Ni kaɗai nake wuni. Na share, na sake sharewa, sai in zauna bakin taga ina kallon wata kyanwa da take kwana a kan kwandon shara.

Maganar motarka ce ta sa na rubuto, wato Gwaggo, da ka sa mata sunan saboda tarin da take yi da safe. Ammi Abdulmohsen, Balaraben nan, ya zo, tunda takardunta da sunansa suke, mu ba mu da iƙama, takardar izinin zama. Ina bayan labule na ji yana cewa, "Ya Zaharadden, halas, motar nan ta gaji. Mai take sha kamar raƙumi, aiki babu. In ba ta gyaru ba kafin azumi, sai kasuwar haraj, a yi gwanjonta a huta."

Abba, ni na san abin da ya same ta. Ran da muka mayar da Inno Ruwais mun tsaya a gidan mai, na ji Yaya ya ce, "Akhdar." Wato man koren famfo yake zuba mata! Alhali kai duk Juma'ar da za mu bakin teku ja kake sha. Na ce masa Gwaggo ba ta saba da kore ba. Ya juyo ya kalle ni ya ce, "Ke Rahama, yaushe kika zama makanike? Ke da ko mai baƙala, kantin unguwa, ba kya iya tambaya kuɗin burodi?" Wai ja tsada kawai ya fi.

Don Allah ka yi masa magana ya koma ja. Hularka tana nan a gaban motar inda ka bar ta. Idan aka sayar da Gwaggo ban san me zan riƙa leƙawa ta taga ba.

Ka gaida min Baba Rabi da yaranta.

'Yarka,
Rahama


Sa'alaba, Jidda
Ƙarshen Rajab

Zuwa ga Abbana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Abba, shiru ba amsa. Inno ta ce wayarka ba ta shiga. Kullum sai in ce ko ba ka iya karanta rubutuna ba ne, tunda rabona da aji tun firamare a Ringim. Wannan karon na rubuta da manyan baƙi.

Da na ga ba ka yi magana ba, sai na yi da kaina. Ɗan abin da na tara na ƙunshin da nake yi wa 'ya'yan maƙwabta, na ƙulle a hankici na ba Yaya, na ce ya cika tanki da ja ko sau ɗaya ne. Ya ce, "Wallahi ke dai akwai naci." Amma ya karɓa, ya kuma zuba, don na ga takardar.

Kullum da safe nakan sauka in leƙa allurar mai ta gilashi. Abba, haka ta riƙa sauka kamar da. Ko mako bai cika ba ta kwanta. Yaya ya hau sama ya ajiye makulli ya ce, "To Hajiya makanike, ga jan naki, ta shanye ba ta ce an gode ba." Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Yanzu ban san me zan yi ba. Ko dai ta daɗe tana shan kore ne har cikinta ya ɓaci? Ko kuwa hannunka ta saba da shi? Ni dai na ga Yaya yana ƙoƙarinsa. Kullum kafin azahar ya dawo, ya tsaya da ita a ƙarƙashin tagarmu a inuwar ginin nan, ya bar ta tana ruri har bayan la'asar, gilasai a rufe. Ina jin ƙararta daga sama. Na ɗauka gwada injin yake yi. Idan ya hau kuma ba ya cin abinci sosai, ya juya fuska bango.

Ammi Abdulmohsen ya kawo wani mutum ya zagaya motar yana buga taya da ƙafa. Mutumin ya ɗauki hularka ya jefa kujerar baya. Da suka tafi na mayar da ita.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

'Yarka,
Rahama


Ringim
Sha'aban

Zuwa ga 'yata Rahamatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri gare ki, da mahaifiyarki, da yayanki. Takardunki biyu sun same ni rana ɗaya, domin wayata ta faɗa rijiyar lambu, sai da aka kai ta Kano. Rubutunki yana karantuwa sarai. Na karanta wa Baba Rabi rabi, sauran na ajiye wa kaina.

Ki saurara da kyau. Ki sauka ki buɗe murfin tankin Gwaggo, za ki ga an rubuta 91 a ciki. Wannan shi ne kore, shi aka ƙera ta ta sha. Ja, wato 95, na motocin da injinsu ya nemi haka ne. Tsohuwa irin Gwaggo ko kin cika ta da shi ba zai ƙara mata nisan tafiya ba. Yayanki ya yi gaskiya a nan. Ni ma daga Asabar zuwa Alhamis kore nake sha.

Za ki ce to Juma'a fa? Ina ganin kin manta. Lokacin da aka kawo ki Jidda kin yi watanni ba wanda ya ji muryarki a waje. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai ki shige bayan Inno. Wata Juma'a muka tsaya shan mai, na ga kin ƙura wa jan famfon ido. Na ce, "Wanne kike so?" Kika nuna da yatsa. Na ce ni ba na jin yaren yatsa, yaron mai ma ba ya ji, sai ki faɗa masa da baki. Muka zauna, na bayanmu suna ta hon. Can kika sauke gilashi kaɗan kika ce, "Ahmar." Kalmarki ta farko ke nan da Larabci. Ɗan Bangalin nan ya yi dariya ya ce, "Ful?" Kika ce, "Ful." Daga ranar duk Juma'a sai na bi ta gidan man nan, don in ji kin yi wa baƙo magana. Jan man naki ne, ba na Gwaggo ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni a takardarki ta biyu. Mota ba ta bukatar a gwada injinta daga azahar zuwa la'asar. Motar da take tsaye, inji a kunne, mukayyif yana hura sanyi, mai take ƙonawa ba ta je ko'ina ba. Can manku yake tafiya. Kuma direban da ya dawo gida kafin azahar bai ɗauki fasinja ba. Na kira Zaharadden, "lafiya lau" kawai yake ce min. Ni ina nesa, ke kina saman bene.

Gobe idan kin ji ƙarar, ki sa abayarki ki sauka, ki buɗe ƙofar gaba ki zauna. Ba sai kin shirya abin faɗa ba.

Ba zan yaudare ki ba, wanda aka fitar ta hanyar da aka fitar da ni, dawowarsa ba nan kusa ba ce. Ina nan ina ban ruwan tumatir. Wani lokaci maigidan lambun yakan aike ni sayen man injin ruwa. A nan mai iri ɗaya ne, ba mai tambayarka launi. Sai in tsaya da jarka a hannu ina jiran a tambaya.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Muntaka


Sa'alaba, Jidda
Tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Abbana,

Assalamu alaikum. Na ga takardarka, na kwafe ta a littafina kafin Inno ta koma da wayar. Na buɗe murfin, na ga 91. Na ji kunya, na kuma yi dariya ni kaɗai a titi.

Na sauka, Abba. Rana ta farko na kai ƙofar gida na koma. Washegari na buɗe motar na zauna. Ciki sanyi ƙalau. Yaya ya kwantar da kujera, hularka a kan fuskarsa. Ya zabura ya ce, "Ke, lafiya? Gobara ake?" Na ce a'a. Ya ce, "To me?" Na ce, "Abba ya ce in zauna."

Ya ɗaga kujerar, ya ɗora hularka a cinya. Can ya ce, "Kin san a ina aka tare shi? A gadar nan ta hanyar Madain Fahad. Ina bayansa a motar wani, ina gani aka sauke shi, ban iya fitowa ba." Ya ce tun ranar, da ya hango fitilar 'yan sanda ko da nesa ne, sai ƙafarsa ta kama rawa a kan totur. Da safe yakan fita da niyyar aiki, ya zagaya unguwa, ya zagaya, ya kasa hawa babban titi. Ya dawo. Hawa sama kuma yana jin nauyin in gan shi da rana tsaka. Sai ya zauna a mota. Ya ce a nan ne kawai har yanzu ake jin ƙamshin turarenka.

Na ce masa ni ma ina sama ina jin ƙarar, ita ce take taya ni zama. Ya ce, "Kai, mu biyu mun ƙona man mutane a banza, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa." Ya miƙa hannu ya kashe injin. Zafi ya taso, muka sauke gilasai, muka ci gaba da zama.

Ni na tuna masa da matan da kake kaiwa, masu sayar da turare da kayan ƙwalama a cikin unguwa, da masu zuwa asibitin nan na kusa. Duk ta lungu ake bi, ba sai an hau gada ba. Ya ce tun da ka tafi ba su kira shi ba, wai ba su saba shiga motar saurayi su kaɗai ba. Na ce to idan ina gaba fa? Ya ce, "Ke? Wa zai je ya gaya musu?" Na ce ni.

Gida na farko sai da na yi sallama sau uku kafin a ji. Matar ta ce, "Ikon Allah, 'yar Muntaka ce? Ashe kina magana!" Ta ba ni dabino. Yanzu muna da mata huɗu, ɗaya mai surutu ce ƙwarai, ba ta bukatar in amsa.

Jibi Ammi Abdulmohsen zai zo da mai sayen nan. Yaya ya ce shi ba zai iya gaya masa gaskiya ba. Ban sani ba ko ni zan iya. Ka yi mana addu'a.

'Yarka,
Rahama

Abba, Zaharadden ne. Ta hana ni karantawa, ta ce in sa hannu kawai a ƙasa. Na ƙara wa tayoyi iska. Zan kira ka, wannan karon da magana.


Sa'alaba, Jidda
Daren jiran wata bai yi ba tukuna, Juma'a

Abbana,

Assalamu alaikum. Na fito daga bayan labule na gaya wa Ammi komai, rabi da Hausa rabi da Larabci, ina kallon ƙasa. Ya juya ya ce wa mai sayen, "Ma'alesh, yalla, babu ciniki." Ya ce wa Yaya ya riƙe motar yana bin lungu har ƙafarsa ta daina rawa. Allurar mai yanzu tana kai mu mako har da saura.

Yau mun bi ta gidan man nan. Ɗan Bangalin yana hango ni ya ciro jan famfo yana dariya. Na sauke gilashi duka na ce, "La, akhdar," wato a'a, kore. Ya tsaya ya leƙa kujerar direba, ya ce, "Fen baba?" Na ce masa ka yi tafiya, kana lafiya, kana noman tumatir. Duk da bakina na faɗa, Yaya bai taimake ni ba.

Ka ce a Ringim ba a tambayar launi. Ka ajiye jarkar. Ran da na zo ni zan raka ka, kuma ko ba a tambaya ba zan faɗa.

'Yarka,
Rahama