Ruwan da Nake Zubarwa a Tukunyar Fulawa

Malama, ki taimaka ki raba ni da wannan rigima, don ina gab da daina zuwa asibiti. Ni ban yi makaranta ba, babbar 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma yau za ta ji abin da na ɓoye mata.

Likita ya ce ina da sankara a furostet, wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan mafitsarar namiji, aka sa ni gashi da na'ura mai haske. Ma'aikatan suka auna ni, suka ɗiga min alama a fata. Ni kafinta ne tun ina saurayi, in na ja layi a katako, nan zarto zai bi. To me ya kawo dokar sai na sha ruwa na riƙe fitsari kafin in hau gadon na'urar?

Yadda kakana ya hore mu, ba a shiga gaban mutane da cikakkiyar mara! Duk zuri'armu ni ake tambaya wa ya haifi wa, yanzu in jiƙa wando a gaban yaran da na yi jika da su? Shi ya sa nake tuttule ruwan a tukunyar fulawar da ke bakin ƙofa, in zagaya banɗaki, in shiga sakayau. Fulawar har ta yi ƙiba. Su kuwa su ɗauki hoto, su sauke ni, wai abin ya gusa. Gusawa ina, ƙafa gare shi? Anya sun iya aikinsu?

Tsohon Kafinta

Baba, kunyarka ba laifi ba ce, kuma tsoron kufcewar fitsari gaskiya ne ga mai irin lalurarka. Amma a nan yaran sun fi ka gaskiya.

Katako ba ya numfashi, ba ya cin abinci. Furostet kuwa tana zaune ne tsakanin mafitsara da ƙarshen hanji. In mafitsara ta sace, ko iska da bayan gida suka taru, sai furostet ɗin ta ɗan matsa, alhali alamar fata tana nan inda take. An tsara gashinka ne bisa yadda cikinka yake ranar awo. Cikakkiyar mafitsara kuma tana ture hanji daga hanyar hasken. Da suka sauke ka, gudun ƙona lafiyayyen wuri suka yi. Wannan alamar ƙwarewa ce.

Gobe ka faɗa musu gaskiya. Ka ce riƙon yana ba ka wuya, su duba yawan ruwan da lokacin shansa. Ka nemi namiji ya tsaya a kanka in akwai. Ka yi bayan gida kafin ka fito, ka sa wando na biyu a jaka don hankalinka ya kwanta. Ba kai ne farau ba, sun saba gani.

Kada ka yanke zuwa, Baba. Da yawa sun gama wannan gashin sun koma harkokinsu. Ke kuma 'yarsa, ban da faɗa, ki zauna kusa da shi har ya shanye ruwan. Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne.