Adireshin Da Ya Fi Ni Farin Jini

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya maigidanki da yara? Ni lafiya ƙalau, kada Inna ta sa komai a ranta.

Kin san aikina amsa saƙonnin masu sayayya ne. Ni na haɗa wa ofis adireshin imel na biyu a cikin akwatina, mai suna Sashen Taimako. Tunda ido babu, wuni na yi ina lalube da madannan kwamfuta, manhajar da ke karanta mini allo tana surutu a kunnena. Yanzu ba na tura saƙo sai na ji ta ce daga Sashen Taimako.

To Yaya, adireshin nan ya fi ni farin jini. Kullum godiya ake zuba masa, wata tsohuwa har albarka ta sa masa. Jiya manaja ya zo yaba sashen, na ji yana bubbuga kafaɗar abokin aikina na bakin taga. Shi kuwa bawan Allah ya ce ba komai. Ni kuwa da ke amsa saƙonnin sashen na ci gaba da aikina. Ba na yi masa baƙin ciki, sai dai abin yana cina.

In za ki amsa, ki aiko ta adireshina na ainihi. Ki fara da sunan da Inna take kirana da shi, zan sa manhajar ta yi ta maimaita mini.

Ƙaninki