Dusar da Ta Je Bakin Teku Ta Dawo

Sabon Gari, Wudil.

Zuwa ga maigidana, Baban Kausar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ya gajiyar hanya, ya kuma zaman jira? Abokin aikinka Maikano ya biyo ta gida, ya ce wayarka ta faɗa ruwa, kuma har yanzu tirelarka tana cikin layi a tashar jiragen ruwa ta Legas. Shi ya sa na rubuto wannan takarda na ba shi, tunda zai sake yin lodi ya nufo wajenku.

Kausar lafiya lau, tarin ya sake ta. Inna ma ta zo daga Utai ta duba mu, tana gaishe ka.

Kajina ne dai babu daɗi. Na je shagon Alhaji Wali ɗaukar abincinsu, ya ce mai kyau ya yanke, wanda ya rage kusan duk dusar masara ce. Wai kamfanonin da ke matse man waken suya sun daina sayar wa masu haɗa abincin kaji dusar waken, sun gwammace su kai ta ƙasashen waje inda ake biya da dala. Yana cikin bayani na tuna ai ita ce ka ɗauko daga Kano. Na yi dariya ni kaɗai har Alhaji ya dube ni. Kai kana can kana gadin mota maƙil da ita, ni ina nan ko mudu guda na rasa.

Ƙwai ya ragu sosai, wanda suke yi ma ƙanana ne. Amma kada ka sa wannan a ranka. Ka riƙa cin abinci mai zafi, ka kuma kula da bayan nan naka mai ciwo.

Matarka,
Safara'u.

*

Baban Kausar,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin da Maikano ya ce ya tarar kana yi ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Ya isar mini da saƙonka, cewa za ka ɗaga tamfal ka zare 'yan buhuna ka aiko mini, ba wanda zai lura. Na san tausayina ne ya sa ka faɗi haka, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya biya. Na wuni ina juya maganar. Amma don Allah kada ka taɓa. Kayan amana ne, kuma idan aka auna aka ga ya ragu, kai za a kama a garin da ba ka da kowa. Na fi son in rasa kajin da in riƙa aika maka takarda gidan yari.

Na gwada duk abin da aka gaya mini. Na daka ƙuli-ƙuli na haɗa musu. Na riƙa bi gidajen masu awara ina karɓar dusar da suka tace, in shanya a tsakar gida. Ba ta isa. Kajin sun fara tsigar gashin junansu, shekaranjiya na tarar sun fasa wa ɗaya baya har jini, dole na sa aka yanka ta. Mai shayin bakin gada da ya daɗe yana ɗaukar ƙwai a wajena ya koma wani wuri. Ban ga laifinsa ba.

Na gaji, Baban Kausar. Ba aikin ne ya gajiyar da ni ba, aiki na saba. Kallonsu ne idan na shigo da bokiti, su ruga a guje, su caccaka kaɗan, su ɗaga kai suna dubana.

Kausar kullum sai ta tambayi ranar da za ka dawo. Na daina ce mata gobe.

Taka,
Safara'u.

*

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, ina kuma yi maka sannu da wannan wahala da ta tashi a banza.

Labari ya iso mana. Maikano ya ce da layi ya zo kanka aka buɗe kayan, sai aka tarar ruwan sama ya ratsa tamfal, dusar ta yi fumfuna, wakilin masu saye ya ƙi karɓa. Ya ce kamfani bai ɗora maka laifi ba, tunda motoci da yawa haka ta same su, an dai umarce ku ku juyo da ita Kano. Na gode wa Allah da hannunka bai taɓa buhu ko ɗaya ba.

Ni ma ina da nawa labarin. Ranar Juma'a na rabu da kajin. Masu rauni na aika kasuwa, masu ɗan ƙarfi kuma maƙwabciyarmu Mas'uda ta karɓa ta haɗa da nata. Ban shawarce ka ba, ka yafe mini. Da na ƙara jira, sai dai in kwashe gawa.

Jiya kuma sai ga magana ta yaɗu wai dusar waken suya mai araha tana hanya, masu kaji har murna suke. Na san ko wacce ce. Na shiga wajen Mas'uda na gaya mata daga inda ta fito da abin da ya same ta, na ce za ta iya kashe mata kaji. Sai ta ce, "Safara'u, yunwa ko fumfuna, wanne kike so in zaɓar musu?" Na zauna muka tsince shinkafa tare, na taso.

Idan ka sauke kaya a Kano, kada ka karɓi wani lodi. Ka taho gida ka huta, mu zauna mu ga abin da za mu yi. Za ka tarar gidan shiru. Ni ma ban saba ba tukuna. Da safe nakan cika bokiti da ruwa in nufi ɗakin kajin, sai na sa hannu a sakata nake tunawa.

Allah ya kawo ka lafiya. Kausar da Inna suna gaishe ka.

Ni ce matarka,
Safara'u.