Abin da na zuba a garin hulbar ƙanwata

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Shekara tara na yi ban haihu ba, sai likita ya ɗora ni a kan ƙwayoyin neman haihuwa. Daga baya ya duba cikina ya ce, "Madam, ki tsaya haka, maganin nan ya fi ƙarfinki, kuma ba a shan sa sai ana aunawa." Na tsaya, amma ragowar ban zubar ba. Ƙanwata kuwa shekara huɗu da aure shiru, mijinta ya rantse ba za ta taka asibiti ba, kullum tana ɗakina a unguwar Mardjandafak tana kuka. Ni da shegen karambanina na daka ƙwayoyin kaf, na gauraya da garin hulba, na zuba a 'yar tukunyar ƙasa ta garin Gaoui, na ce mata haɗin kakarmu ne. Ko awo ban yi ba wallahi! Wa ya aike ni?

Ciki ya shiga, muka yi ta guɗa. A wata bakwai ta haifi 'yan uku, kowanne bai fi tafin hannuna biyu ba. Namijin ya rasu a kwana na biyu, matan suna cikin kwalba da roba a hanci. Likita ya dube ni ya ce, "Ta sha wani magani?" Na ce, "Hulba ce kawai." Ƙanwata ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ke ce silar da na ga 'ya'yana." Kunya da tsoro suka kusa kashe ni a tsaye.

To jiya na je unguwar Abena gaida Inna, sai na tarar da tukunyar a wanke, an kife ta. Ashe ƙanwata ta kai wa Inna ragowar garin. Inna ta ce, "Ai na raba. Matar ƙaninki ta sha, da maƙwabta biyu. Kalas, ya ƙare, ki haɗo wani." Matar ƙanin nawa sati biyu ke nan tana amai.

In na faɗa, auren ƙanwata ya mutu, kuma ta san wadda ta jawo mata kabarin ɗanta. In na yi shiru, mata uku ne ba mai auna su. Jama'a, me zan yi?