Zuwa ga Baba Subra, mai littattafan ganyen giginya

Baba Subra,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan jikin ya yi sauƙi. Na san ba ka jin Hausa. Shekara shida da muka yi tare, da guntun Larabci da Turanci muka yi ta lallaɓawa. Amma yau na gaji, ba ni da ƙarfin neman kalma a harshen wasu.

Ina nan Riyad, a kamfanin kwali na Birnin Masana'antu na Biyu, inda ka bar ni, ina gyaran injin nan dai. Siton da ka riƙe shekara ashirin an ba wani, ko sunanka bai sani ba.

Ka tuna hutun azahar? Mu tafi masallaci, kai ka zauna a bayan sito ka rufe ido, leɓɓanka suna motsi. Ba ka ɗaga murya, don ka san ƙasar da kake. Da na tambaye ka, ka ce sunayen malamanka kake jerawa kafin ka ci abinci: mahaifinka, da wanda ya karantar da shi, da na gabansa, har mutum tara, duk 'yan wani ƙauye a bakin kogi a ƙasar Tamil, can Indiya. Kai Hindu, ni Musulmi, ba wanda ya taɓa jan wani. Amma sai na tuna gida, domin haka mahaifina yake jero malamansa a zaurenmu na Zariya.

Ka ba ni labarin mahaifinka, yadda yake karantar da ɗalibai baki da baki, ya yi ta maimaita baiti ɗaya har sautin ya zauna daidai. Da gwaggonka makauniya, wadda ta haddace ilimin magani, tana gane kowace saiwa da ƙanshinta. In ba kowa a kusa, kakan rera mini kaɗan a hankali. Ba na fahimta, amma ba na son ka daina.

Ka nuna mini hoton littattafanku. Ganyen giginya ne, an karce rubutu da tsinken ƙarfe, an shafa baƙin fitila ya fito. Kakan ce, "Ganyen tuni ne kawai, Bashir. Karatun yana baki."

Ɗalibai suka watse birane. Kai ma ka biyo aiki nan, da niyyar shekara uku.

Shekarar da farashin mai ya faɗi aka rage ma'aikata, aka buga maka huruj, tafiya ba dawowa. Kowa yana jimami, kai kaɗai kake murna. Na raka ka filin jirgi da ƙosai, tunda ba ka cin nama. Ka ce za ka nemi ko mutum biyu ne, ka zuba musu abin da ya rage a kanka.

Shekaranjiya 'yarka Mina ta samo lambata. Ta ce wata huɗu da komawarka ɓarin jikinka ya shanye, magana ta ɗauke, kuma ba wanda ya rage a gidan da ya iya karanta ganyen. Abu ɗaya ta tambaye ni: ko na taɓa ɗaukar muryarka a waya kana karatu, ko da na minti ɗaya.

Baba, ban ɗauka ba. Wayar tana aljihuna kullum. Na ɗauki hoton injin da ya lalace, na ɗauki ruwan sama, na ɗauki dogayen benayen unguwar Ulaya. Na bincike ta sau uku, babu kai. Har yanzu ban ba Mina amsa ba.

Ni ma littattafan mahaifina suna cikin adaka a Zariya, ƙanena ya ce gara ta fara shiga. Kowace shekara ina cewa in iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare zan koma, sai in sake sabuntawa.

Allah ya sassauta maka, ya saka wa waɗanda suke jinyarka da alheri. Allah ya sakar maka harshenka ko da na yini ɗaya ne, Mina tana kusa, da waya a hannunta.

Ɗanka da ya yi sakaci,
Bashir, daga Riyad