Maganar da ɗiyata ta faɗa mini a cikin kwandon balan-balan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, ku kuma ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Don Allah ku ba ni shawara.

Damina ce yanzu a wurinmu, amma da suna kawai. Ƙauyenmu na tsakanin Sabon Birni da Isa, bara ruwa ya ɗauke gero na fidda kai, bana mun yi shuka ta ƙone, mun sake ta ƙone. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi, kowa ya koma ɗaki shiru.

Ɗiyata ta fari tana gab da gama karatun likita a Masar. Da bazara ita da ƙanena mai kai kaya Maraɗi suka haɗa ƙarfi aka kai ni can aka cire mini yanar ido. Da na warke ta ce sai ta kai ni inda za ni gwada sabon idon, muka tafi wani gari wai shi Luksor. Bayan sallar asuba aka kai mu wani fili, ga balan-balan ya fi rumbun sarkin noma girma, an ɗaure masa kwando a ƙasa, wani mutum na hura masa wuta. Na ce ni ko kajina ba ni sawa cikin wannan abu. Ta yi dariya ta ce, "Haba Inna, ke da kika hau akori-kura zuwa Gatawa da tsohon ciki?" Na shiga ina salati.

Ba za ni ɓoye muku ba, na ji daɗi. Rana ta fito ja, ga kogi shimfiɗe, gonaki shar a gefensa, inda ruwa ya tsaya kuma sai rairayi kamar an yanka da wuƙa. Ina cikin cewa a raina da ma Malam, maigidana, ya ga wannan ruwan, sai ta kama hannuna ta ce ita fa ba za ta dawo gida ba. Wani asibiti ya ɗauke ta aiki a can, kuma tana tsoro, ta ji yadda 'yan bindiga ke farautar ma'aikatan lafiya a yankinmu. Ta ce in riƙe mata amana, kada Baba ya ji sai bayan kaka, saboda hawan jininsa.

Ta san ni sarai. A gida in magana ta yi nauyi tashi nake in ce za ni duba tukunya. To a nan ina za ni? Turawa dama da hagu suna ɗaukar hoto, ƙasa ta yi nisa. Kuma ɗiyar fari ce, ko sunanta ban taɓa kira ba saboda kunya, ta yaya za ni tsaya jayayya da ita gaban baƙi? Na ce to. Iyakar abin da na ce ke nan.

Da na dawo na tarar Malam ya fara gini a ƙofar gida, wai ɗakin da likita za ta riƙa duba mata masu ciki. Rijiyarmu ta ƙafe, kullum sai ya kora jaki zuwa fadama ya tono ruwan da za a kwaɓa ƙasa, ga gwiwarsa na ciwo. Maƙwabta sun ce masa ya jira ruwan sama, ya ce ɗiyarsa ba za ta zo ta zauna gindin itace ba. Mata kuwa sun daina kirana da sunana, sai uwar likita. Na kira ta a waya na ce ta sake ni in faɗa, ta yi ta kuka ta ce in ya yanke jiki ya faɗi a kan maganar nan ita ba za ta yafe wa kanta ba, in jira kaka. Wace kaka, a shekarar da ko kara ba mu gani ba?

Jiya da la'asar ya kira ni gindin ginin ya ce, "Ke da kika ga ɗakinta can, wane gefe take son taga?" Na ce gabas. Ya yi murmushi ya zana wurin da sanda.

To mi za ni yi? In faɗa masa in ci amanar ɗiyata, ko in bar dattijo na ɗaukar ruwa don ɗakin da ba mai shiga? In na faɗa, da wace kalma za ni fara?

Yau da safe dai da ya kwance jakin na ɗauki jarka biyu na bi bayansa. Ya ce in koma saboda idona, na ce ya warke.